Jan Zaren Kujera ta Huɗu

Akwai wata Asabar da har yau ta ƙi fita daga raina, ranar da na kusa raba wata yarinya da abin da ta yi wata bakwai tana nema, kuma da niyyar yi mata alheri na yi hakan. Ku sababbin ma'aikata kullum kuna tambayata dalilin jan zaren da ke ɗaure a jikin kowace hedifon ta gidan nan. Na gaji da amsa muku ɗaya bayan ɗaya. Ni ban shiga aji ba, don haka ina faɗa ana rubutawa, kowa ya karanta ya ƙyale ni in yi aikina.

Sunana Saratu, amma a nan Narayi Mama kawai ake ce mini. Shekara ashirin da ɗoriya na yi a masaƙa a Kakuri, a ɗakin injinan saƙa. Da sojoji suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, mun ɗauka masaƙa za ta farfaɗo. Sai ga shi an rufe ƙofa, kowa ya kama gabansa. Na sayar da tumatir, na yi wankau a gidajen mutane, shekaru suka tafi, kafin wata 'yar zumuntar mata ta cocinmu ta kawo ni gidan gem ɗin nan, inda ake biyan kuɗi a yi wasan kwamfuta.

Ga wanda bai san wurin ba, ɗaki ne dogo mai kujeru goma, kowace da kwamfutarta da allonta da hedifon ɗinta, wato abin da ake kifawa a kai ya rufe kunnuwa biyu. Mai gidan ba ya zama, sai ƙarshen wata muke ganinsa. Manaja Yohanna ne ke riƙe da komai. Ƙarƙashinsa akwai injiniya mai zuwa sau biyu a mako, sai ni a ƙasa, mai shara da goge-goge da lura da ƙofa. Kujerata tana bakin ƙofa, daf da kujera ta huɗu. Dokar aikina tun ranar farko a fili take: in goge kaya da auduga da sifirit, amma kada in kwance komai, kada in cire komai daga jikin komai. Manaja ya maimaita mini sau biyu, na ce na ji.

Hedifon ɗin nan masu tsada ne, ba su da igiya, caji ake yi musu. Ƙarfinsu shi ne suna gaya wa mai wasa inda ƙara ta fito. A wasan da aka fi yi a nan, mutane ne ɗauke da bindiga suke neman juna cikin wani kango, wanda aka harbe ya fita. Idan abokin gaba ya taka tsakuwa ta hagunka, a kunnen hagu za ka ji, tun kafin ka gan shi. Wanda ya iya sauraro ya riga ya ci rabin wasan.

Ni dai ban taɓa son su ba. A masaƙa auduga ake ba mu mu toshe kunne, ni kuwa sai in sassauta tawa, domin da kunne nake aiki. Injina da yawa nake tsaro, duk suna ruri lokaci ɗaya, amma idan zare ya tsinke a na bayana ta dama, zan juya in nufe shi ban duba ba. To mutumin da ya rayu a haka, ta yaya zai yarda da abin da ke rufe kunne ruf? Ina kallon samari suna ihu kamar a tasha don ba sa jin muryar kansu. An taɓa zare wa wani waya daga kan tebur bai ji ba, sai ni na tare ɓarawon a ƙofa. Ga zafi. In wuta ta ɗauke aka koma janareta fanka biyu kawai ke juyawa, soson da ke zagaye da kunne sai ya jiƙe sharkaf da gumi da man gashi. Tun da na fara aiki ban taɓa sa ko ɗaya a kaina ba.

Rahila tela ce, shagonta yana bayan layinmu. Ita kaɗai ce mace mai zuwa wasa a lokacin. Da farko ban sakar mata fuska ba, na ce me ya kawo mai sana'a cikin waɗannan 'yan hayaniya. Amma na lura da ita. Ba ta ihu, ba ta dukan tebur. Idan ta zauna, kanta ne ke fara karkatawa gefe kaɗan kamar kaza mai sauraron shaho, sannan hannunta ya bi. Irin wannan karkata kan na san shi, na masu aiki da kunne ne. Kuma ita kaɗai ke mayar da kujera wurinta in ta tashi.

A shekarar aka shirya wata gasa a cikin gari, tsallaken kogi, kowane gidan gem zai tura mutum huɗu. Uku an riga an san su, har da Bitrus da suke kira Kyaftin. Gurbi na huɗu ne ake jayayya a kai tsakanin Rahila da Ɗanjuma, wani direban keke mai yawan dariya. Aka sa Asabar za a gwada su. Tsarin shi ne zagaye uku, kowa shi kaɗai, ba magana da kowa, don haka an cire ƙananan makirfo ɗin da ke maƙale a jikin hedifon an zuba a durowa. Wanda ya ci biyu shi ke da gurbi, Manaja ya tura sunaye kafin ƙarfe biyar na yamma, kuma ba a sake gwaji.

Ranar Alhamis Rahila ta tsaya wurina ta ce, "Mama, ki sa ni a addu'a. Yayana ya ce in ba a ɗauke ni ba, in daina zuwa nan gaba ɗaya. Ya ce wata bakwai ina rufe shago da wuri saboda wasan maza, ya isa."

"Kin amince masa?"

"Na amince. Shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, ba zan yi masa gardama ba."

Na ce, "To ki ci abinci ki yi barci, addu'a ba ta son mai yunwa."

Ranar Juma'a wani ƙato ya wuni a kujera ta huɗu, wadda Rahila ta saba zama. Da ya tashi na ɗauki hedifon ɗin zan goge, wari ya buge ni. Sifirit bai yi komai ba. Na ce yarinyar nan ba za ta sa wannan ƙazanta a kunnenta ranar gwajinta ba. Na ja soson, sai ya fita cikin sauƙi. Na cire duka biyun, na wanke da sabulu da ruwan ɗumi, na shanya a bayan gida, da safe kafin kowa ya zo na mayar. A cikin kowane soso akwai wani babban zane fari, ɗaya kamar sanda mai ƙafa ɗaya, ɗaya mai tumbi da ƙafa biyu. Na ɗauka adon kamfani ne. Wanda ya fara zuwa hannuna shi na fara sawa. Na shinshina, na ji ƙamshi, har na yaba wa kaina.

Ƙarfe uku aka fara. Ɗakin ya cika, har masu shagon kusa sun leƙo. Rahila ta ɗauki hedifon, ta leƙa ciki kamar yadda duk suke yi, ta kifa a kai.

Zagaye na farko bai yi nisa ba aka harbe ta. Ta juya hagu, Ɗanjuma ya fito mata ta dama. Aka yi shewa. Wani ya ce, "Tela, zare ya ƙare ne?" Ta ɗaga hannu ta ce wa Kyaftin, wanda shi ke alƙalanci, akwai abin da ba daidai ba a kunnenta. Bitrus ya karɓa, ya leƙa ciki, ya nuna wa mutane.

"Ga harafin hagu a hagu, ga na dama a dama. Caji cike yake. Rahila, in tsoro ne ki faɗa, ba abin kunya ba ne."

Ta mayar. Zagaye na biyu ta ɗan daɗe, don ta daina bin kunne ta koma bin ido. Amma jiki ba ya manta abin da ya saba. Ana taka wani ƙarfe, kanta ya karkata dama, hannu ya bi, aka harbe ta ta hagu. Biyu ke nan, babu buƙatar na uku. Samari suka ɗaga Ɗanjuma sama. Rahila ta ajiye hedifon a hankali, ta mayar da kujera wurinta, ta fita ta zauna a kan dakalin waje. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ina zaune abu biyu suna cina. Na farko, a masaƙa mun san ma'aikaci mai sakaci kuskurensa barkatai yake, yau nan gobe can. Amma idan ƙwararre ya yi kuskure iri ɗaya sau biyu a jere, sufabaiza, wato mai duba aikinmu, ba ya yi masa faɗa, inji yake zuwa ya duba. Rahila ba ta yi jinkiri ba ko sau ɗaya. Da sauri ta juya, da tabbaci, zuwa inda babu kowa. Na biyu, hedifon ta kujera ta huɗu tana da wani ɗan ƙarzane a bayan kunne ɗaya, inda ta taɓa faɗuwa. Duk wanda ya sa ta, ƙarzanen nan yana kallon kujerata. Wata da watanni ina ganinsa. Yau ban gan shi ba, bango yake kallo.

Sai na gane. Zanen nan da na ɗauka ado ne, shi suke leƙawa kafin su sa.

Na ɗauki hedifon ɗin kamar zan goge. Ba wanda ke kallona, ba a kallon mai shara. Zan faɗi gaskiya tunda na ce a rubuta: na tsaya da ita a hannu, na san cikin ƙiftawar ido zan iya musanya soson, ba wanda zai taɓa sani. Na karya dokar da aka maimaita mini sau biyu. A shekaruna, in aka sallame ni, ba inda za a ɗauke ni. Na leƙa waje, na ga bayan Rahila a kan dakali, ta cire ɗankwali tana naɗe shi a hannu tana warwarewa.

Manaja yana teburinsa, waya a hannu, yana rubuta sunaye.

Na ce, "Oga, kada ka tura."

"Mama, lafiya?"

"Ba lafiya ba. Ni na ɓata gwajin nan. Jiya na cire soson wannan na wanke, na mayar da su a juye. Yarinyar nan ta sa kunnen dama a hagu."

Manaja ya ajiye waya. "Kin cire? Mama, me na gaya miki ranar da kika fara aiki?"

"Ka gaya mini. Sau biyu. Wannan maganar tawa ce da kai, za mu yi ta. Yanzu maganar yarinya ake yi."

Bitrus ya matso yana dariya. "Haba Mama, wannan fa ba tsintsiya ba ce. Ni da kaina na duba, haruffa daidai suke. Kin dai ji tausayin 'yarki ne."

Na ce, "Bitrus, da uwarka muke zama layi ɗaya a zumunta, ka sassauta murya. Haruffan a jikin me suke? A jikin soso. Soson wa ya sa? Ni. To ka duba aikina ne ka ce daidai ne, ba ka duba inji ba. Ka sa a kunnenka?"

Bai sa ba.

Na ce wa Manaja a kunna wasan, a sa mutum ya yi ta zagaya ni a ciki, ni zan rufe ido in nuna inda yake. Ya ce a yi. Suka zaunar da ni a kujera ta huɗu, Bitrus ya leƙa haruffa ya kifa mini yadda Rahila ta sa. Wani ya ce, "Yau Mama za ta shiga soja."

Ban ji sauran ba, domin duniya ta ɗauke. Sai na ji iska, na ji wani ƙarfe yana lilo can nesa, na ji ruwa yana ɗiga a bayana, ɗis, ɗis. Na buɗe ido na waiwaya ina neman inda rufinmu ke yoyo, don ni ce zan goge. Na ga bakuna a buɗe suna dariya ba ƙara. A nan na gane abin da ke kawo yaran nan. Wanda ya ƙera abin nan ya san kunne, ba zan hana shi haƙƙinsa ba.

Na rufe ido. Taku ya taso, na nuna hagu. Ya sake, na nuna dama. Sau biyar. Da aka cire mini, ba mai dariya. Manaja ya ce duk biyar ɗin kishiyar wurin na nuna. Na ce a juya ta, ƙarzane ya kalli ƙofa. Aka juya. Sau biyar kuma, na samu huɗu. Ɗayan da na rasa mutumin yana gabana ne sak, na ce yana baya. Wannan rauninta ne, hagu da dama tana faɗa da kyau, amma gaba da baya takan haɗa su, 'yan wasan ma sun shaida.

An riga an kira Rahila, tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Na ji maɓallin ƙara ya koma ɗaya gefen. Na ɗauka ruɗewa ce tawa." Sannan ta dube ni. "Mama, wa ya sa ki?"

"Ba kowa. Wari na ji."

"Da kin bar mini warin."

Gaskiyarta ce.

Bitrus ya ce doka dai doka ce, an ce ba a sake gwaji, kuma Ɗanjuma bai yi laifin komai ba. Wannan ma gaskiya ne. Manaja ya dubi agogo, saura minti arba'in. Ya ce shi ba zai ƙwace abin da aka riga aka ba mutum ba, sai in mai shi ya yarda. Kowa ya juya ga Ɗanjuma. Na tausaya masa. Ya riga ya buga wa abokansa na tashar keke waya ya gaya musu.

Ya sosa ƙeya ya ce, "Ku ba ni ita a juyen, in ji abin da ake faɗa."

Ya sa, aka kunna masa zagaye ɗaya da Bitrus. Ko zama bai gama gyarawa ba ya juya ya yi ta harbin bango, aka kashe shi ta baya. Ya cire yana riƙe da ciki don dariya. "Kai! Wannan ai kamar a juya maka sitiyari ne a kan gada. Tela, a haka kika daɗe har zagaye na biyu? A sake. In na je gasa da wannan nasarar, fasinjoji ma za su ji warinta a jikina."

Aka sake, da hedifon ɗin kujera ta shida da ta bakwai, bayan kowa ya gwada kunnensa. Ɗanjuma ya ci na farko. Rahila ta ci na biyu. A na uku na ga kan nan ya karkata hagu, hannu ya bi, sai ɗakin ya ɗauki ihu. Saura minti shida Manaja ya tura sunaye. Ɗanjuma ya fita ya zauna cikin kekensa ya daɗe bai tayar ba. Na kai masa ruwa, ya ce, "Mama, ke da wankinki." Daga baya shi ya kwashe su zuwa gasar, kuma shi ne ɗan canji, mai shiga idan wani ya kasa. Ba su ci kofi ba, a zagaye na biyu aka fitar da su, amma yayan Rahila ya je kallo, kuma har yau tana zuwa.

Ni kuwa Manaja ya dakatar da ni kwana uku. Rahila ta so ta roƙa, na hana ta. Na karya doka, in an ƙyale ni gobe da wane baki zan tsawata wa wani? Da na dawo ranar Laraba, Manaja ya ce injiniya ya duba, ya ce soson na buƙatar wanki duk mako, kuma tunda na iya, aikin ya zama nawa. Na ce na yarda, amma ba zan dogara da zanen da ke fita ya koma ba. A masaƙa, duk abin da bai kamata a juya ba, jan zare muke ɗaura masa a dama.

Rahila ba ta yi mini magana ba tun ranar Asabar. Da yammacin Larabar ta shigo, ta ajiye dunƙulen jan zare a kan cinyata, ta ce, "Mai ƙarfi ne, ba ya zuba." Ta ja kujera ta zauna kusa da ni. Tana riƙe hedifon, ina ɗaurawa a jikin ƙarfen, ba a jikin soso ba, har muka gama goma.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Na'urar nan ba ta san shakka ba. Ko daidai take ko a juye, da murya ɗaya take magana, kuma wanda ya fi ƙwarewa shi ta fi kayarwa, don shi ya fi yarda da ita. Masu karatu kuma in sun ga rubutu sukan daina dubawa. Saboda haka kowace safiya kafin a buɗe ƙofa, a kunna taku, a rufe ido, a nuna da hannu, kujera ɗaya bayan ɗaya. In mai wasa ya ce akwai abin da ba daidai ba a kunnensa, kada ku leƙa ku ce masa tsoro ne, ku sa a naku kunnen. In kuma kun ga ana buƙatar gyara abin da ba a ba ku ba, ko da don alheri ne, ku tambaya tukuna. Ni ban tambaya ba, kuma wadda take rubuta muku wannan ita ta kusa biya. Ta ce in ƙara da cewa ta yafe. Na ce ta rubuta, amma kada ta cire maganar warin.